Ƙararrawar da Kaka Ya Ƙi Cikawa

Duk inda na kaɗa wannan take da gogena sai wani ya yi magana. Ko a rawar gidan Caudill sai da Dewey maƙeri ya ce, "Kai Virgil, wannan gurgun kiɗa naka wa zai taka shi? Ko lissafin ne ya gagare ka?"

Na ce, "Ba don ƙafarka aka yi shi ba."

Kakana Hobart Sizemore ne ya yi shi. A nan kan duwatsun Kentucky, in mutum ya mutu, ƙararrawar coci ke faɗa: bugu ɗaya, shekara ɗaya ta mamacin. Kana gona za ka ƙirga ka san waye.

Shekarar da za a haife ni, 'ya'yan Kaka biyu suka raka gumaguman katako da ake turawa ta kogi lokacin ambaliya. Burl yana da shekara sha tara, babana Elzie ashirin da uku. Da hantsi labari ya hauro cewa gumaguman sun watse a mashigin dutse, an ciro gawa. Ba a ce ta wa ba.

Kaka yana bakin rumbun masara, mahaifiyata na tsaye kusa da shi da tsohon ciki, ƙararrawa ta fara. Suka ƙirga tare. Ta tsaya a sha tara.

Kaka ya juyo wajen mahaifiyata. Sannan ya ce, "Burl ne. Shiga ki zauna, 'yata, mijinki yana nan tafe."

Ta ce, "Sannu, Baba." Ta juya ke nan ƙararrawar ta sake ɗauka daga ɗaya.

Wannan karon shi kaɗai ya ƙirga, a bayyane. Sha tara ta wuce. Ashirin. Da ya ce ashirin da biyu sai ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, ya shige rumbu.

Kafin a cire masarar shekarar ya haɗa taken. Ana cikin kiɗa sai ka fizgi tsirkiya da yatsa sau sha tara, ka yi shiru, ka sake fizga sau ashirin da biyu, ka ajiye goge. Ina da shekara goma sha biyu na ce masa, "Kaka, saura ɗaya."

Ya ce, "Na iya ƙirga, yaro. Har zuwa ashirin da biyu ɗan wani ne."

Yanzu na ninka babana a shekaru. Ni ma a ashirin da biyu nake tsayawa.