Wuni Ɗaya a Scarborough

Ina cikin goge rigar da zan sa a tafiya sai na ji bugu uku a bango. Cliff ke nan, mijina, yana kirana daga gidan Vince da ƙarfen tone wuta. Bango ɗaya ne tsakanin gidanmu da nasu, shekara arba'in da shida. Na bari sai da ya sake bugawa sannan na kashe dutsen guga.

Na tarar da Vince Oldroyd zube a ƙasa tsakanin gado da kujera. 'Yarsa Gillian tana tsaye a kansa tana murza hannu.

"Sai yanzu?" in ji Cliff. "Ko ta Leeds kika biyo?"

"Da gobara ce da na yi sauri. Ashe ubangidanka ne ya faɗi."

"Bar surutu, tsohuwa, zo ki kama gefen dama."

Shekara uku ke nan ciwon mantuwa ya cinye kan Vince. Likita ya ce karon da ya sha a wasan ƙwallon zari-ruga ne. Bai san Gillian ba, nas yake ce mata. In ma'aikatan jinya suka sa hannu a hammatarsa za su ɗaga shi, sai ya kai musu naushi. Hanya ɗaya ce yake yarda ya miƙe, irin ta filin wasa. Shekara goma sha uku yana sa lamba tara a ƙungiyar garinmu, Cliff yana sa takwas. In za a sunkuya a haɗa kai a yi turereniya, Vince ne a tsakiya, ya rataya hannuwansa a kafaɗun ƙarti biyu, Cliff a hagu, Norman a dama. Norman ya daɗe da rasuwa. Sai na zama Norman. Ni ba ƙaramar mace ba ce, shekara ashirin ina ɗaga tukwane a kicin ɗin makaranta.

Muka durƙusa, kowa a gefensa. Cliff ya daka tsawa, "A kama!"

Idon Vince ya buɗe tar. Hannunsa ya hau kafaɗata, ya cafki rigata kamar yana da shekara ashirin da biyar.

"Norman," ya ce, "yaushe ka fara shafa turaren mata?"

"Rufe mini baki ka miƙe," na ce.

Ya miƙe. Muka kai shi kujera. Cliff ya ɗauko tsumma ya goge masa baki, ya fito da mataji daga aljihu ya taje masa 'yan gashin da suka rage, a hankali, yana gyara masa tsaga. Ya zauna ya riƙe masa hannu. Ina tsaye ina kallo. Lokacin da aka yi mini aikin kwankwaso, inabi ya kawo mini asibiti, kuma shi ya cinye.

Ba zan ɓoye ba, kishin mutumin nan nake yi tun ranar aurena. An ɗaura ƙarfe sha ɗaya na safe, ƙarfe uku Cliff yana fili, don Vince ya ce ba wanda zai riƙe masa hagu sai shi. Da mahaifiyata na yanka kek. Ranar da na haifi ɗanmu suna wajen wasa a Hull. Kuma duk abin da wasan ya bayar, Vince ya ba. Shi jarida ke ɗauka hoto, shi ya ɗaga kofi a London, shi aka zaɓa zuwa Australia. Cliff ɗina kunnuwa ya samu kamar an tauna, da hanci da ya karye sau huɗu, Litinin da asuba kuma ya koma ramin kwal. Amma in ka ji yana ba da labarin London ɗin nan sai ka rantse shi ya ɗaga kofin.

Abin da ya fi ci mini rai, Vince bai taɓa yi mini laifi ba. Shi ya gyara mini ƙofar baya. Yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar mahaifiyata. Da mugu ne da na huta.

Laraba mai zuwa aurenmu zai cika shekara hamsin. Ɗanmu ya kama mana ɗakin otal na kwana uku a Scarborough, a bakin teku. A bayan gida, wajen igiyar shanya, Cliff ya tare ni.

"Beryl, tafiyar nan ba za ta yiwu ba. Likita ya ce mako ɗaya ne ko biyu ya rage wa Vince."

"Ni wa ya ba ni takardar wasu shekara hamsin ɗin?"

"Haba, ke lafiyarki ƙalau."

"Sai na mance sunanka za ka kalle ni? To na mance. Wane ne kai, malam?"

"Ba abin wasa ba ne."

"Wunin aurenmu ka ba shi, Cliff. Wannan nawa ne."

Gillian ta ji mu ta taga. Ta fito ta ce, "Kawu Cliff, don Allah ka tafi. Daga yau ba za mu ƙara sauke shi daga gado ba. Ba zai ma san ba ka nan ba."

Na ga maganar ta soke shi. Amma ya tafi. Ranar Talata muka hau bas, ya zauna ta taga yana kallon waje har muka wuce York.

Laraba da safe ya fita sayen jarida. Cliff ba ya riƙe waya, tawa ce a jaka. Ta yi ƙara ina ɗaura takalmi.

"Anti Beryl," in ji Gillian, "Baba ya tafi. Bakwai da rabi."

Na zauna a bakin gado. Na tambaye ta ko ya sha wahala.

"A'a. Hannun hagu kawai ya yi ta ɗagawa, yana lalube. Ba ni Kawu Cliff."

"Ya fita. Zan faɗa masa."

Na kashe wayar gaba ɗaya, na tura ta ƙarƙashin safa a akwati. Ban yi dogon tunani ba. Na ce a raina, wanda ya mutu ya riga ya mutu, ko mun kama bas ɗin tara ba abin da zai dawo. Wuni ɗaya ne. Shi ya samu shekara hamsin.

Cliff ya shigo da jarida a hammata. "An kira?"

"Ba a kira ba."

Ya sauke numfashi. "To, rashin labari ma labari ne. Tashi, amarya."

Muka sauka bakin ruwa. Ya cire takalmi ya naɗe wando, ƙafafunsa farare fat kamar na kazar da aka fige, na gaya masa haka, ya watsa mini ruwa. Wani mutum ya ɗauke mu hoto. Ko a nan Vince bai bar mu ba. "Kin ga waccan mashayar? Nan Vince ya taɓa hawa tebur ya yi waƙa da wandonsa a ka." Na ce na gani. Na ja shi muka wuce.

Ƙarfe biyu akwai rawar tsofaffi a wani babban ɗaki mai kallon teku, ana ba da shayi. Ban taɓa zaton zai yarda ba, da gwiwoyinsa da ba sa lanƙwasuwa. Ya miƙo mini hannu da kansa. Ya taka mini ƙafa sau uku.

"Ka ɗauka ƙwallo ce?" na ce.

"Ƙwallo ba ta tsiwa."

Can cikin waƙa ta biyu ya ja baya kaɗan ya dube ni. "Rigar nan ta yi miki kyau, Beryl. Ranar ma kin yi kyau. Ina fili ina ta tunanin na bar ki da kek."

Shekara hamsin ina jiran wannan magana. Ta zo, na rasa inda zan ajiye ta. Na kwantar da kaina a ƙirjinsa don kada ya ga fuskata, ina jin zuciyarsa tana bugawa. Duk da haka ban faɗa ba. Na bari aka gama waƙar, aka yi wata.

Ƙarfe biyar muka sayi soyayyen kifi da dankali a takarda, muka zauna a benci wajen da jiragen masunta ke tsayawa. Ya ci rabi, ya lashe yatsa.

"Ba ni wayar nan in ji yadda ya wuni."

"Tana ɗaki."

"To mu je."

"Cliff, zauna. Vince ya rasu."

Bai motsa ba. "Yaushe?"

"Bakwai da rabi."

Ya dubi agogon hannunsa. Ya daɗe yana dubawa. "Na safe."

"Na safe."

"Gillian ta kira."

"Kana wajen jarida."

Na jira ya zage ni. Na shirya amsa ma, tana bakina. Bai zage ni ba, ranar ko bayanta. Har Cliff ya rasu a watan Fabrairu bai taɓa tayar da maganar ba. Yana yi mini shayi kullum da safe, yana cewa na gode in na miƙa masa abu, kamar baƙo mai ladabi. Hoton da aka ɗauke mu yana kan talabijin, shi ya sa shi a firam.

Abu ɗaya kawai ya tambaya a kan bencin nan.

"Ya neme ni?"

Da na iya cewa cikin barci ya tafi. Ƙarya ɗaya a wuni ta ishe ni.

"Ya yi ta ɗaga hannun hagu," na ce.

Cliff ya gyaɗa kai. Tsuntsayen teku sun taru a gabanmu, suna matsowa taku ɗaya ɗaya. Ya sunkuya da ƙyar, ya shimfiɗa takardar a ƙasa da sauran kifin a kai, ya gyara gefenta don iska. Ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Muka zauna muna kallonsu suna ci, ruwa yana janyewa daga ƙarƙashin jiragen.