Daƙiƙa Goma Na Malam Rediyo

Shekara ashirin da biyu yana koyar da tarihi a kwaleji. Ɗalibai sun laƙaba masa suna Malam Rediyo, don idan ya buɗe baki, sai dai ƙararrawa ta kashe shi.

Da aka tura shi taron ƙara wa juna sani na malamai, ya je ne da niyyar ya ƙara wa wasu. A rana ta biyu mai horarwar, wata matashiya da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, ta sa shi ya gwada darasi na minti goma, tana ta rubutu.

Da ya gama ta ce, "Ranka ya daɗe, tambaya goma sha huɗu ka yi. Ka amsa sha uku da kanka."

"Ɗayar fa?"

"Tari ne ya sarƙe ka."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Ta roƙe shi abu ɗaya: in ya yi tambaya, ya ja bakinsa na daƙiƙa goma.

Ranar Litinin ya shiga aji, ya tambayi dalilin da ya sa tsofaffin birane ke kafuwa a bakin kogi, sannan ya datse leɓe yana ƙirge a zuci. Yana kaiwa uku gumi ya karyo masa, amsar tana yi masa ƙaiƙayi a maƙogwaro. A biyar, ɗalibai suka fara kallon juna. A shida, shugaban aji ya taso da kujera.

"Malam, zauna. Jiri ne?"

Ya girgiza kai. Wata ta miƙo ruwa, wani ya hau yi masa fifita da littafi. Shi dai ido ya raina fata, ya ci gaba da ƙirge.

Can daga bayan aji wata ɗaliba da bai taɓa jin muryarta ba ta ce, "Ko don ruwan sha ne da noma? Kuma kwale-kwale ya fi jaki ɗaukar kaya."

Batun kwale-kwalen ma ba ya cikin takardarsa. Nan take ya rubuta.

Da yamma ya koma gida cike da murna, ya ce bari ya gwada a kan uwargida. Ya same ta tana ninke kaya.

"Ya kika wuni?" Ya yi shiru.

Ta jira ya amsa wa kansa kamar kullum. Shiru. Ta ajiye rigar da ke hannunta, ta ƙare masa kallo.

"Baban yara, me ka aikata?"

"Ba komai. Sauraro nake."

"Sauraro?" Ta leƙa tsakar gida ta ce da autarsu ta sauke tukunya, ta turo ƙofa, ta jawo kujera ta zauna a gabansa. "To alhamdulillahi. Bari mu faro daga shekarar da ƙanwarka ta zo hutun kwana uku."