Furosesa a Rumbun Kawu Kalilu

Ni na jawo, ba wani ba. Ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a Daura, kuma in ana hira bakina ba ya rufuwa. Ranar wani suna a Zango na karanta wa mutane labari a waya: masu zuba jari sun yi ƙiyasin wani kamfani zai sayar da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ninkin na bara, farashi zai tashi, riba sai wanda ya gani. Kan labarin kawai na karanta, sauran na cika da baki.

Kawu Kalilu, ƙanin mahaifiyata da ke zaune a garin, yana cikin masu saurare. A harkar hatsi ya tsufa. Abin da ya sani shi ne a saya da kaka, a ɓoye, a fitar da bazara. Ya sayar da shanun huɗarsa biyu, ya sa na yo masa odar furosesa kwali guda daga Kano. Ya naɗe shi da leda, ya barbaɗa barkono saboda ƙwari, ya ɗora a rumbu kan damin gero.

Bayan wata huɗu kamfanin ya fito da sabon samfuri. Na san abin da hakan ke nufi, na yi gum. Duk zuwan da na yi sai ya ce, "Nu'uman, yaya kasuwar tamu?" In ce, "Da sauƙi, Kawu," in tsunduma kai a kwanon fura.

Da damina ta matso ya ce a fitar, zai mayar da shanu. Muka kai wa wani mai gyaran kwamfuta a kasuwar Daura. Mutumin ya jujjuya guda a hannu, ya taya kuɗin da ko maraƙi ba za su saya ba.

"Baba, waɗannan ai an wuce su," ya ce. "Wa ya ba ka wannan shawara?"

Shagon a cike yake, har da malamai biyu da muke aiki tare.

"Ni na ba kaina," in ji Kawu. "Wannan ɗan nawa sau uku yana hana ni, na ƙi ji."

Da zagina ya yi a gabansu, da na fi samun sauƙi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban gyara maganar ba.

Na goyo shi a babur. Sai da muka kusa Zango ya taɓa kafaɗata, ya ce in tsaya wurin maƙeri, zai sayi garmar hannu.