Ledar da Tanimu Ya Ɗaura

Tanimu mai dashe ya cuci tsoho, kuma kada wani ya ce talauci ne ya sa shi. Yana da rumfa a kasuwar Yelwa, yana da gonar shinkafa a bakin ruwa, ba a kwana da yunwa a gidansa. Hassada ce kawai, kuma a kan mace.

Da safiyar ranar kasuwa yana tsugune a bayan rumfarsa da reza a hannu. Sai ya ɗauki ɗan mangwaro, ya tsaga ɓawon karan a karkace, ya naɗe wurin da tsiririyar farar leda, ya ajiye, ya ɗauki wani. Duk daga ƙwallo ya tsirar da su. Amma wanda ya ga ledar zai rantse masu aure ne, wato an yanko reshen mangwaro mai kyau an haɗa shi a kan karan na gida.

Shekara huɗu da suka wuce, Laraba matar Andrew, wadda ake kira Maman Ruth, tana kasa albasa ne a tire kusa da wannan rumfa. Inuwarsa take roƙa idan rana ta yi zafi. Sai ta je ta koyo auren itace wurin ma'aikatan gandun daji, ta kewaye wani fili a hanyar Ngaski, ta shimfiɗa koriyar raga a sama, ta kafa allo da sunanta. Yanzu mangwaronta ɗaya naira dubu biyu da ɗari biyar, nasa ɗari biyar. Takinta ya fi na 'yan shago tsada, maganin ƙwarinta ma haka. Duk da haka motoci ke tsayawa a ƙofarta, malaman makaranta na ce mata Madam. Kullum Tanimu ya wuce ta wurin a kan babur, sai ya kau da kai, sannan ya waiwayo ya ƙirga motocin.

Wajen hantsi Arzika ya iso. Tsohon matuƙin jirgin ruwa ne daga Wara, gwiwoyinsa sun gaji, ya sayar da injin jirginsa don ya kafa lambu.

"Malam Tanimu, daga wurin Maman Ruth nike," in ji shi, yana share gumi da hularsa. "Kayanta na da kyau, amma kuɗin, wallahi sai da na nemi wurin zama."

"Ai kuɗin raga ka biya, Baba, da kuɗin allo," in ji Tanimu. "Itace ai itace ne. Dubi wanga."

Arzika ya sunkuya ya shafa ledar da yatsa.

"Mai aure ne?"

"Ba ka ga ɗaurin ba? Wuri ɗaya muke sarowa da ita. Ni dubu da ɗari biyu zan ba ka, don ina jin kunyar furfura."

"Ka faɗa mini gaskiya, ɗana. Ta ce mai aure shekara uku yake 'ya'ya, ɗan ƙwallo sai ya yi bakwai ko takwas. Ni na haura saba'in. Ba ni da shekara takwas ta jira. So nike in ci da bakina, in bar wa jikoki."

Mutumin kirki a nan zai tsaya. Tanimu bai tsaya ba. Ya dafa ƙirji ya ce, "Shekara uku, Baba. In sha Allahu da hannunka za ka tsinka."

Arzika ya sayi arba'in.

Da Tanimu ya bar abin a nan, da sai bayan shekaru asirinsa zai tonu, wataƙila ma bayan an binne tsohon. Amma ribar ba ta ishe shi ba. Ya san duk ranar kasuwa Laraba na kai kaya bakin ruwa, ta loda wa jiragen da ke tsallakawa ƙauyuka. So yake ta gani. So yake ya ga fuskarta lokacin da ta gane an ɗauke mata ciniki. Don haka ya ari baro, ya jera dashen, ya ce shi da kansa zai tura wa Baba har jirgi.

Bakin ruwa cike yake da buhunan albasa da kwandunan busasshen kifi. Can ya hango ta, ta ɗaure zane a kan doguwar riga, tana miƙa wa wani matuƙi dashen lemo. Ga hanya a buɗe ta hagu, amma ya karkata baron ya bi ta gabanta.

"Madam, barka da rana! A ɗan matsa mana, kayan talakawa za su wuce."

Laraba ta juyo. Ta dubi baron, ta dubi Arzika. Tanimu ya zuba mata ido yana jiran ta ɓata rai. Ba ta ɓata ba.

"Sannu, Malam Tanimu. Baba, ashe ka samu. To, Allah ya raya su."

Wannan ya fi zagi yi masa ciwo.

"Rabin kuɗinki ma bai biya ba," in ji shi da ƙarfi, don 'yan dako su ji. "Mu ba mu sayar da inuwar raga."

"Madalla," in ji ta, ta koma kan lemonta.

Arzika ne ya ji nauyi, don ɗazu ta ɓata lokaci tana zagayawa da shi lambunta. Ya matso yana murza hula.

"Ɗiyata, kada ki ji haushi, ƙarfina ne bai kai ba. Ki taimake ni da abu guda. Yaushe ake kwance ledar ga?"

Laraba ta goge hannu a zane, ta ɗaga guda ɗaya. Ta juya shi. Ta ɗaga na biyu. Ta shafa ledar da yatsa.

"Malam Tanimu, yaushe aka ɗaura waɗannan?"

"Wata biyu ke nan."

"Ledar wata biyu rana ta cinye ta, takan yi ja, karan ya kumbura a ƙarƙashinta. Wannan fara ce fat." Ta nuna wa Arzika yatsanta. "Ga danƙo ma bai bushe ba, Baba."

"Hassada ce!" in ji Tanimu. "Kun ji ta ko? Don an fi ta sauƙi!"

Arzika ya zaro 'yar wuƙar da yake yanke igiya da ita, ya datse ƙullin, ya warware ledar a hankali. Ba reshe biyu, ba mahaɗi. Kara ɗaya ne tun daga ƙasa har ganye, da ɗan tsagi a jikinsa. Ya kwance na biyu, ya kwance na uku. Masu jira a cikin jirgi suka fara saukowa.

"Injina na sayar," in ji tsohon, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Ka dafa ƙirji, ka ambaci Allah."

Laraba tana nan riƙe da ɗaya, tana duban tsagin kusa da idonta.

"Kai, amma hannunka ya iya reza," in ji ta. Ba ba'a take yi ba. "Yankan ya fi nawa kyau. Wata uku na yi kafin in iya haka. Da reshe ka sa a ciki, da ya kama."

Tanimu ya so ƙasa ta tsage ya shige. Mutum biyu suka sa shi a gaba, shi da baronsa, har rumfar sarkin kasuwa. Ba a ja zancen ba, don shaidu sun fi ashirin.

An sa shi ya mayar wa Arzika kuɗinsa a gaban jama'a. An karɓe rumfar, an hana shi sayar wa kowa dashe a kasuwar har shekara uku. 'Yan mangwaro ɗari shida da suka rage masa a gida ba mai saye sai mai neman karan da zai yi aure a kai, kuma mutum ɗaya ke wannan sana'a a garin. Yanzu shi ke tura su a baro har ƙofar Laraba, naira ɗari biyu kowane ɗaya, ya tsaya a ƙarƙashin allon har ta gama da masu motoci.