A Wanke a Goge

"Ni dai har yanzu ban ga abin da ya kai hannunki kan jan maɓallin nan ba," in ji maigidan, yana neman hularsa a ƙarƙashin kujera. "Mutum ashirin a wajen, kowa da hancinsa, sai naki ne ya fi tsawo?"

Matarsa Goggo kuwa guga take yi. Ta bi wuyan shuɗiyar rigar aikinta, ta bi aljihu, ta ninke ta saka a leda tare da hular gashi da takalman roba. Shekara tara ke nan tana wanke tankuna a kamfanin lemon kwalba, da aikin take riƙe da 'ya'ya huɗu tun da idon maigidan ya hana shi tuƙi.

Abin ya faru ne ranar Talata. Ana tsakiyar cika kwalabe ta zo wucewa da bokitinta, sai hancinta ya kamo warin sinadarin wanki yana tashi daga bakin injin. Ita ta wanke tanki na uku da safe, kuma ƙa'ida a ɗauraye sau uku, ita sau biyu ta yi aka kira ta goge ruwan da ya zube, ta manta ba ta koma ba. Ta ruga wajen shugaban layi, wanda suke kira Oga Sauri, ya ce ta koma kan bokitinta, mota na jira. Ta kalli kwalaben suna tafiya a jere, ta tuna autanta da son lemo, ta yi bismillah ta danna maɓallin da babu mai taɓawa sai shi. Komai ya tsaya cak. Da ya gama zazzaga mata masifa ya ce wa ya wanke tankin, ta ce ita ce, a gaban kowa.

Jiya kuma masinja ya kawo saƙo: gobe ƙarfe goma manaja na nemanta, ta zo da kayan aikinta a wanke a goge. A kamfanin nan ko sabon ɗauka ya san ma'anar wannan magana. Haka ake ce wa duk wanda za a sallama, ya dawo da kayan kamfani fes, a buɗe masa ƙofa.

Ta yi raka'a biyu, ta sa atamfarta ta unguwa, don ba ta so a ce ta fita a wulaƙance. Maigidan ya raka ta bakin titi, muryarsa ta yi sanyi, ya ce Allah bai manta da kowa ba.

Ba ofis aka kai ta ba, ɗakin cin abinci ne, an jera kujeru, ma'aikata maƙil. Ta ce a ranta, wato korar ma sai an tara mata jama'a. Manajar sabuwa ce, watanta biyu da zuwa, tana tsaye da takarda. Ta fara kiran wani direba da kullum yake bi ya ɗauko abokin aikinsa mai ciwon ƙafa, aka tafa masa. Goggo ba ta ma ji ba, tana ta hasbunallahu. Da aka kira ta, ta miƙe ta je ta ajiye ledar a kan tebur.

"Ga su, ranki ya daɗe. Riga, hula, takalmi. Maɓallin rigar ɗaya ya ɓace, na sa wani, bai yi kala ɗaya ba. A yafe min abin da na yi ba daidai ba."

Manaja ta kalli leda, ta kalli Goggo. Sai Doguwa, abokiyar wankinta, ta fashe da dariya har da riƙe ciki, ta yi wa manaja bayanin abin da saƙon yake nufi a gidan nan. Manaja ta dafe kai. Ashe hoto take so a ɗauka, kowa cikin kayan aikinsa tsaf.

Sai ta karanta abin da ke takardar. An gwada lemon ranar Talata, da ya fita kasuwa da yara da yawa sun kwana a asibiti. Ta ce kuskure kowa na yi, amma wanda zai tsayar da inji don ya tona kansa da kansa, shi ne ba a samu kullum ba. Ta miƙa wa Goggo allon gilashi mai rubutun zinare, ta ce aikinta na nan daram.

Tafi kamar rufin zai yaye. Masu wanki suka yi kanta, suka zura mata rigar a kan atamfa, hular a kan ɗankwali, Doguwa na cewa yau hanci ya yi rana. Oga Sauri ma yana tafi, a hankali dai, kamar mai kashe sauro. Goggo ta rungume allon, ba ta iya karanta shi ba, sai alhamdulillahi take jerowa.

Manaja ta miƙa mata abin magana ta ce ko tana da abin cewa. Goggo ta goge ido da bakin mayafi, ta gyara tsayuwa.

"Na gode, Allah ya saka. Amma kwana uku ban ci abincin kirki ba saboda tsoro, kuma ba na so wata ta sha irinsa. Ki faɗa da bakinki yanzu, kowa na ji, Oga ma na ji: duk mai wankin da ta ji wari ta danna, ba zagi ba kora. Sannan don Allah a sauko mana da maɓallin nan ƙasa kaɗan, sai da na kife bokiti na taka."