Marfin Mobilet ɗin Maikano

Duk wanda ya zauna a Bande shekarar da Maikano ya sayi ƙaramin babur ɗin nan mobilet ya san abin da ya shiga tsakaninsa da gidan Halilu mai igiya. Maikano wake yake saye yana ƙetarawa da shi Najeriya, kuma tun da aka fita daga shekarun fari arziki ya zauna masa, har ya zama ko sallama sai ya zaɓi wadda zai amsa. Wata ranar kasuwa ya taho a guje ta bayan amalanken tsoho Halilu, ya matsa oda. Jaki ya firgita, amalanke ya kife, tsohon ya karye a ƙugu. Maikano bai sauka ba. Ƙafa ɗaya ya dafa a ƙasa, ya ce, "Mai jaki ya riƙe jakinsa mana," ya ja babur ɗinsa ya wuce. Bai zo dubiya ba, bai aiko ba.

Wata biyar tsohon ya yi a kwance. Da ya tashi, sai ya tashi da sanda, noma ya ƙare masa. Ya koma gindin tsamiyar bakin kasuwa yana tufka igiya, da 'yar wuƙarsa ta yanke kaba.

Ɗansa Harisu shi kaɗai ne mai gyaran babur a garin, a Damagaram ya koyo. Mutum ne marar yawan magana, abin da ya sa mutane suka ɗauka ya haƙura. Bai haƙura ba. Kullum ya ga ubansa yana jan ƙafa zuwa masallaci sai ya ji zuciyarsa na tafasa. Ba ya son kuɗin Maikano, ba ya son ƙara wurin jandarma. Abu ɗaya yake so: ya ga Maikano a ƙasa gaban tsohon nan, yana ba shi haƙuri da bakinsa.

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da bazara ta yi zafi, sai ga Maikano ya turo mobilet har rumfar Harisu, gumi ya jiƙe shi sharkaf.

"Kai makaniki," in ji shi, ko sunansa bai kira ba, "wannan abin in na shiga rairayin hanyar Yekuwa sai ya yi ta kuka ba ya ja. Duba shi maza."

Harisu ya durƙusa ya sa turnabis, wato sukurdireba, ya kwance marfin gefen hagu. A nan ambiriyaj yake, abin da mutanen Kano ke kira kuloci, faifan da ke juyawa yana kama inji ya ja taya. Na mobilet busasshe ne, ba ya wanka cikin mai, don haka zafi ke cin sa, ƙurar da yake ci daga jikinsa kuma ta taru a ciki ta sa shi santsi. Ya hure, ya goge, ya tayar. Sai ya tsaya yana kallon faifan nan yana juyawa tsirara, wani tunani ya faɗo masa.

Ya san al'adar Maikano sarai. A hanya yakan tattare babbar riga ya danne a cinya kamar kowa. Amma da ya iso bakin kasuwa, daidai tsamiya, sai ya saki rigar ta bazu hagu da dama don a ga aikin allura, yana ɗaga hannu kamar ana yi masa kirari.

"Alhaji," in ji Harisu, "in ka bi ta tawa, a bar shi babu marfi. Iska za ta riƙa shiga, ba zai yi zafi ba. Ƙura ta fita da kanta. In ya lalace ba sai an kwance komai ba. Ga shi kuma ƙararsa, saurara."

Ya murɗa hannu, faifan ya ɗauki kaɗawa kamar kacakaura. Maikano ya washe baki.

"Har Magariya babu mai irin wannan ko?"

"Ko kwamanda mai mulkin Magariya bai da shi," in ji Harisu.

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ko ƙwayar ƙarya babu. Magana ɗaya kawai ya haɗiye, wadda duk makanikin kirki zai fara da ita: abin da ke juyawa a buɗe ba ya ga maciji da tufa. Ya jefa marfin ƙarƙashin benci, ya ɗora masa tsohuwar taya.

Kasuwa biyu suka wuce babu abin da ya faru, don Maikano jamfa ya sa. Harisu har ya fara ramewa don haushi. A ta uku ce ya hango shi daga nesa cikin shadda fara ƙal, mai aiki har ciki. Ya ajiye aikin hannunsa ya tako zuwa tsamiya, ya tsaya bayan ubansa.

Maikano ya iso, ya saki riga, ya ɗaga hannu. Gefen rigar na hagu ya sauka ya lashi faifan. Kafin ƙiftawar ido injin ya haɗiye kamu uku na shadda, ya fizgo mai ita ƙasa, sannan injin ya mutu. Mobilet ya kwanta, Maikano ya zube a kan gwiwoyinsa, wuyan riga ya shaƙe shi tamau, kansa manne da ƙarfe. Tsakaninsa da tabarmar Halilu bai fi taku biyu ba.

Kasuwa ta taru. Wannan ya ja babur, rigar ta ƙara matsewa. Wancan ya ce a juya taya baya, ba ta juyu ba. Kowa ya san yanka rigar ne mafita, amma wa zai sa wuƙa a shaddar Alhaji Maikano gobe a ce ya biya? Sai salati suke ta yi, idanun mutum na firfitowa.

Tsoho Halilu ya ja jiki da wuƙarsa. Harisu ya riƙe masa wuyan hannu.

"Tsaya, Baba. Sai ya yi magana."

"Sake ni, Harisu."

"Wallahi sai ya yi magana." Ya sunkuya daidai kunnen Maikano. "Ka gane wannan tsohon? Mai jaki ne. Halilu sunansa. Kira shi."

Maikano ya buɗe baki, yawu na zuba. Muryar da ta fito ba ta fi ta ɗan akuya ba. "Baba Halilu, ka yafe mini. Don Allah."

Har masu sayar da goro na can gefe sun ji. Harisu ya ji wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa, daɗin da bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Ya saki hannun. Tsohon ya zura wuƙa ta ƙeya ya tsarge shaddar har ƙasa. Maikano ya kife yana tari, daga shi sai wando, ga shatar wuyan riga ta yi jawur a maƙogwaronsa. Aka ɗora shi a amalanke aka nufi wurin likita.

Da jama'a ta watse, Halilu ya koma kan tabarmarsa ya ɗauki kaba. Tufkar ta ƙi kamuwa. Can ya yi magana, bai ɗago kai ba.

"Kai ka cire masa marfin nan."

"Ni ne, Baba."

"Ka gaya masa yana cin riga?"

Harisu ya girgiza kai.

"Shi da ya karya ni," in ji tsohon, "wauta ce da girman kai, bai fito gida da niyyata ba. Kai fa?"

"Da niyya na yi," in ji Harisu. "Kuma ko gobe aka sake, haka zan yi."

Tsohon ya lalubi sandarsa ya yunƙura zai tashi. Harisu ya miƙa hannu ya kama shi kamar yadda ya saba kullum. Halilu ya janye kafaɗarsa, ya dogara da tsamiya ya miƙe da kansa, ya kama hanyar gida yana jan ƙafa, bai waiwayo ba.