Kawu Gimba da Binciken Ƙarƙashin Teku

A makon da aka yi ta shelar cewa an tsinke wayoyin da ke sauraron motsin jirage a ƙarƙashin teku, ana kuma zargin hannun wata ƙasa, Ramlat ta wayi gari a ɗakinta da ke unguwar Whalley Range a Ingila ta tarar kawunta ya naɗa ta babbar jami'ar tsaro. Kawu Gimba, tsohon direban bas a Birmingham, ya aika wa dangi saƙon murya cewa 'yar ƙanwarsa ce gwamnati ta damƙa wa binciken. Daga dangi saƙon ya tsallaka zuwa ƙungiyar ɗalibai, har wani ya fassara shi ya liƙa da hotonta a intanet.

Monica, malamar da ke duba aikinta na digirin digirgir, ta kira ta ofis. Ta ce kamfanin da ke taimaka musu da kayan bincike ya ga abin, kuma ba ya son a haɗa sunansa da maganar tsaro. Idan ba a janye ba, za a cire Ramlat daga aikin.

Ramlat ba ta tashi a gidan da ake gyara wa kawu magana ta waya ba. Ranar Asabar ta hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, ta wuce gidansa a unguwar Sparkbrook. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ci tuwon Inna Sabuwa matarsa, ta yi sallar azahar, tana jiran ya buɗe zancen da kansa.

"Manyan gwamnati," in ji Kawu, yana rage murya. "Mutanen wace ƙasa ne suka tsinke wayoyin? Ba zai wuce ɗakin nan ba."

"Ɗakin nan da duk mutanen titin Stratford Road," in ji Inna Sabuwa.

Ramlat ta sunkuyar da kai. "Kawu, ni laka nake karantawa."

"Laka."

"Wadda ake binne waya a cikinta. Taushinta nake aunawa. Wayar ma ta intanet ce, kuma ban taɓa ganinta ba. A roba ake kawo mini lakar."

Kawu ya daɗe yana kallonta. "Wato kika baro Zariya, inda ake gina gidaje da ita, kika zo Ingila kina taɓa ta da yatsa?"

Ta faɗa masa abin da Monica ta ce. A masallaci, tun ranar Talata, shi ake kewayewa bayan salla ana neman ƙarin bayani.

"Ba za a iya cewa lakar ta sirri ce ba?"

"Kawu, za su cire ni daga project ɗin."

Ya nemi hularsa ya sa, ko da yake murya kawai zai ɗauka, ya gyara zama ya danna waya.

"Assalamu alaikum. Gimba ne. Abin da na faɗa kan Ramlat kuskure ne, ba ruwanta da tsaro. Laka take karantawa, lakar da kuka sani. A sa yarinyar a addu'a."

Ranar Litinin aka sauke hoton, Monica ta ce magana ta wuce. Sai dai saƙonnin dangi suka fara shigowa, kowa yana ba ta haƙuri, yana roƙon Allah ya ba ta abin yi. Ramlat ta amsa wa kowa da amin, sannan ta naɗe hannun rigarta ta buɗe robar da aka kawo da safe.